Allurar Bindigar Jatau

Ku da kuke zuwa rumfata da waya a hannu, kuna nuna mini hoton bindiga kuna cewa, "Baba, a Turai an sayar da irin wannan kuɗi kaza," ku samu wuri ku zauna. Kuna zaton aikin nan duba hoto ne da faɗin farashi. Na haura shekara arba'in ina gyara wa mafarauta bindiga a Birnin Gwari, ina kuma yi wa tsofaffin bindigogi kima idan za a raba gado ko za a sayar, amma har yau akwai wadda nake juyawa kwana uku kafin in buɗe baki. An yi ranar da zaman wata mata da 'ya'yanta huɗu a ƙauyensu ya rataya a kan abin da zan faɗa game da wani ƙarfe da bai kai tsawon tsinken ashana ba. A waya za ku duba wannan?

Aikin farko da maigidana Malam Tanko ya ba ni shi ne tsumma da man keken ɗinki. Na yi damina biyu ban taɓa magagari ba, sai shafa da kallo. Ya ce sai idona ya san fatar bindiga tukuna, wato launin da aka yi mata tun daga masana'anta. Akwai shuɗin ƙarfe, wanda shi ne gama-gari. Akwai wanda muke kira wuyan tattabara, mai haɗa shuɗi da rawaya da toka-toka, idan ka karkata shi a rana sai ya riƙa canzawa. Sai kuma farin ruwa, mai ƙyalli kamar sabon faranti, wanda Turawan haƙar zinariya suka shigo da 'yan kaɗan ƙasar nan suka bar wa masu yi musu jagora a daji. Bindiga biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, amma mai farin ruwa na asali sai ta ninka 'yar'uwarta sau da yawa a wurin masu tara kayan tarihi. Sharaɗin shi ne fatar ta asali ce, ba a taɓa ta ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kirkin mutanenmu. Wasu magada daga Kutemeshi sun taɓa kawo mini bindiga mai baki biyu ta mahaifinsu, wadda na sani tun yana da rai, wuyan tattabara ce tsaf. Don kada su kawo mini ita da datti, sai suka sa aka goge ta da toka da lemun tsami kamar tukunyar biki. Suka kwance tsumma suna murmushi, suna jira in yaba. Na ce musu, "Sannunku da aiki. Da hannunku kuka wanke rabin gadonku kuka zubar a makwarara." Babban cikinsu har ya yi fushi, wai na raina musu tsafta.

To, bayan fata sai wuta. Ƙananan bindigogin da ake kira tu-tu, na harbin zabon daji da gafiya da korar birai daga masara, harsashinsu ba a tsakiya wutarsa take ba, a leɓen gindi take, zagaye. Idan ka ja kunama, wani ɗan ƙarfe da muke kira allura shi ke dukan leɓen. Wani lokaci sai ka ji ƙas, babu komai. Mafarauci zai zagi harsashi, kuma sau da yawa yana da gaskiya, domin laimar daminar dajin nan tana kashe shi, mai ma yana kashe shi, wani kuma tun daga kamfani wutar ba ta zagaye leɓen duka ba. Shi ya sa ake ɗan jira, a fitar da shi, a juya shi, a sake gwadawa a wani gefen. Amma ba kullum ne laifin harsashi ba. Idan allura ta gajarta ko da kaurin farce ne, za ta taɓa leɓen ta bar tabo, amma bindiga ba za ta yi magana ba.

Malam Tanko yana da wata ɗabi'a da na gada. Duk allurar da ya ƙera wa mutum, biyu yake ƙerawa, tagwaye, tsawo ɗaya. Ɗaya ya sa a bindiga, ɗayar ya ɗaura mata zare ya rataye a ƙusa, ya rubuta sunan mai ita da ajami a bango. Dalilinsa mai sauƙi ne: idan ta karye a tsakiyar kaka, mutum ba zai yi sati yana jira birai na cinye masa gona ba. Ku ɗaga kai ku duba bangon nan. Duk waɗannan nawa ne.

Jatau manomi ne daga wani ƙauye bayan Kuyello, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Bahago ne, mutum ne marar yawan magana, kuma yana da tabo a babban yatsansa na hagu inda lauje ya tsaga shi tun yana saurayi. Tu-tu ɗinsa mai cin harsashi ɗaya ta kakansa ce, da lasisinta da komai. Ranar da ya fara kawo mini ita allurarta ta karye, kuma baƙa ce ƙirin tun daga baki har ƙota. Mafarautan gefen daji haka suke yi: su kwaɓa kunkunniya da ƙaro da ɗan man kaɗanya, su bi ƙarfen da yatsa suna dannawa, su kanga a hayaƙi. Ba don ado ba ne. Duk abin da ke ƙyalli a daji yana kiran ido. Na ƙera masa tagwaye yana zaune yana kallo, har ya tambaye ni me ya sa nake ta aunawa haka. Na ce masa, "In ta rage kaurin farce, sanda ka ɗauka, ba bindiga ba." Ya gyaɗa kai. Ina mayar da ita farcena ya kankare baƙin a ƙarƙashi, sai ga fari ya leƙo.

Na yi shiru da maganar shekara da shekaru, sai da wani Alhaji ya fara zuwa mini daga Kaduna, tsohon ma'aikaci mai tara tsofaffin bindigogi masu takarda. Yana da shuɗi, yana da wuyan tattabara, farin ruwa ne ya gagare shi. Bakina ya kasa riƙewa, na ce akwai ɗaya a ƙasar nan. Ya ce ba zai yarda ba sai ya gan ta tsirara. Na aika wa Jatau. Da ya zo na ce ya bari in cire baƙin, in abin da nake zato ne, kuɗinta zai saya masa shanun noma biyu da ragowa.

Ya ce, "Baba, ni ba sayarwa zan yi ba."

Na ce, "Ko ba ka sayar ba, ai ka san abin da ka mallaka. In an gama ka mayar da baƙinka."

Kwana huɗu na yi ina bi da ruwan ɗumi da tsumma, ban sa toka ba, ban sa ƙarfe ba. Tunda nake ban ga farin ruwa irin wannan ba. Baƙin nan na kaka da jika shi ya adana ta, ko ɗigon tsatsa babu. Alhaji ya zo ya gani, ya yi tayi, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Jatau ya saurare shi da ladabi, ya naɗe abarsa a buhu ya hau babur. Yana tafiya na ce masa kada ya manta da baƙin. Ya ce sai ya gama cire masara, yanzu babu lokacin zaman kanga hayaƙi.

Wannan ita ce shekarar da daji ya rufe. Kun san ta, wasunku a lokacin ne iyayenku suka kwaso ku zuwa cikin gari. An bar dawa ta bushe a tsaye babu mai yanka. Hanya ta zama sai an taru a bi ta. Hukuma ta ce mu masu taɓa bindiga kada mu karɓi aikin kowa sai da takarda da shaidar dagaci, ni kuma na rufe rumfa gaba ɗaya na koma gyaran kwaɗo da fitilar hannu, don mutanen da suka fara zuwa da fuska a naɗe suna tambayar ko ina gyara manyan bindigogi ba irin abokan cinikina ba ne. Da rana tsaka sai in buɗe ƙofa in shiga ɗaukar wani abu, iska ta biyo ni, allurorin bangon nan su riƙa taɓa juna suna ƙara siririya. Ina kallon sunaye ina lissafa waɗanda ba za su ƙara zuwa karɓar tasu ba. Daga Dogon Dawa kaɗai sahu guda ne.

A cikin kakar nan 'yan bindigar daji masu babura suka ɗauke Jatau a gonarsa ta bakin daji. Wani maƙwabcinsa da ya ɓuya a cikin kara ya ce shi bai ma san Jatau na wurin ba, sai da ya ga wani abu na walƙiya daga nesa a gindin ɗorawa, kuma masu baburan ma abin da suka gani ke nan, suka juya kai tsaye. Da labarin ya iso ni na san abin da ya yi walƙiyar, na kuma san wanda ya wanke ta. Ba a kira waya ba, ba a nemi komai ba, ba a ga gawa ba. Matarsa Hansatu ta zauna shekara huɗu, ba ta da miji, ba ta kuma yi takaba ba.

Wata Laraba da hantsi, bayan abubuwa sun ɗan lafa na sake buɗe rumfa, sai ga dagacin ƙauyensu da kansa, da Ɗanlami ƙanen Jatau wanda ya shiga 'yan sa-kai, da Hansatu a bayansu. Ɗanlami ya ajiye buhu a kan teburina. Ban buɗe ba na ji warin hayaƙi da man kaɗanya.

Dagaci ya ce, "Malam, kima muka kawo, amma ba ta kuɗi ba. Ɗanlami, faɗa masa."

Ɗanlami ya ce, "Baba, ranar Asabar ne. Mun bi sawun shanun da aka kora har rafin da ke bayan tsohon ramin zinariya. Rana tsaka, na rabu da 'yan'uwa na durƙusa zan sha ruwa. Sai na lura tsuntsaye sun yi tsit. Ko ƙuda ba ka ji. Sai na ji ƙas a bayana. Na daskare. Na ji ana buɗe bindiga a hankali, ana rufewa. Ƙas. Aka sake buɗewa, aka rufe. Ƙas, na uku. Daga nan sai na ji muryoyi can nesa da takun mutane suna shiga duhuwa. Da na samu na waiwaya, babu kowa. Sai wannan a jingine da bishiya, bakinta sama, kamar mai ita ya je kama ruwa."

Ya nuna buhun ya ce, "Ta Yaya ce. Ya zama nasu, Baba. Ni ya auna sau uku, Allah Ya kashe harsashin."

Dagaci ya ce mutanen gari sun taru sun yanke cewa gidan wanda ya koma wa mutanen daji ba zai zauna a cikinsu ba, don ba a san wa ke kai labari ba. Sun ba Hansatu zuwa bayan sallar Juma'a ta kwashe 'ya'yanta. Shi dagacin ne ya ce a dakata a ji bakin wanda ya san ƙarfen. Hansatu tana tsugune a bakin ƙofa.

Na zare ta daga buhun. Baƙa ƙirin, kuma baƙin bai gama bushewa ba, yana ɗan kama yatsa. Na fita da ita hasken rana na sa gilashin masu gyaran agogo a ido. Tun daga baki har ƙota sawun yatsa ne a jere, an danna an danna, kowane sawu da layi ya ratsa tsakiyarsa. Tabon lauje. Tsigar jikina ta tashi, don shekara huɗu ina sa mutumin nan cikin addu'ar mamata, ga shi yatsansa a hannuna ɗanye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bindigar tasa ce. Baƙin ma hannunsa ne, kuma bai kai wata guda ba."

Hansatu ta ja numfashi. Ɗanlami ya ce, "Kun ji ko!" Dagaci ya fara tattara rigarsa zai tashi.

Na ce, "Ban gama ba. Wa ya ce muku an gama kima daga fata?"

Harsashin yana ciki, ba su taɓa shi ba. Na fitar da shi a tafin hannu. Tabo uku a leɓensa, an juya shi daidai yadda ake juyawa, tagullar cikin tabon sabuwa fil. Amma tabon bai yi zurfi ba. Allurar da na ƙera da hannuna ba ta dukan harsashi kamar mai jin kunya. Na ɗauko tsohuwar tu-tu ɗin gwaji da na gada wurin Malam Tanko, na ce su biyo ni bayan rumfa inda nake da ramin yashi. Na sa harsashin nan da ya ƙi tashi sau uku a daji, na kafa baki a yashi na ja. Tau! Tattabarun kan rufin kwano suka watse.

Ɗanlami ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ce, "Lafiyarsa lau?"

Na ce, "Lafiyarsa lau. Da wata bindigar ce, da yau kwananka huɗu a ƙasa."

Muka koma ciki na kwance ta Jatau na zaro allurar. Kallon farko ba ka ganin komai, bakinta baƙi ne kamar sauran jikin. Abin da ya tsayar da ni ke nan, domin babu mafaraucin da ke shafa wa bakin allura baƙi, tana ciki, ba ta ƙyalli, ba ta ganin rana. Na goge da tsumma. Ƙarfe ya fito fari, sabon ci. Ba magagari ba ne, dutsen rafi ne, kuma sawun gugar ya karkata yadda hannun bahago ke karkatawa. Na miƙa hannu bango, na sauko da wadda ke ƙarƙashin sunan Jatau, na kakkaɓe ƙurar, na jera su a kan farar takarda. Na ce dagaci ya sa gilashi ya duba da idonsa, Ɗanlami ma ya duba. Ta cikin bindigar ta gaza 'yar'uwarta da kaurin farce.

Na ce, "Ga abin da ƙarfe ya faɗa, ba zan ƙara masa ba. Su can suna da manyan makamai, wannan ta harbin zabo ce, ina jin sun bar masa ita ne don ya riƙa kawo musu nama, kuma tana aiki, don cikinta a share yake. Cikin 'yan kwanakin nan wani ya zauna da dutse ya rage allurar nan da gangan, daidai yadda za ta yi ƙara ta bar tabo amma ba za ta tashi ba, ya shafe wurin don kada a gane. Mutum ɗaya na taɓa gaya wa wannan awon, yana zaune a inda kake zaune, ranka ya daɗe. Wanda ya riƙe ta a bakin rafi ban san shi ba. Ko shi ne aka tsaya a kansa aka ce ya harba, ko wani ne, ban sani ba. Amma wanda ya shirya ta ya shirya ta ne don kada ta kashe kowa."

Ɗanlami ya sa hula ya rufe fuskarsa. Can ya ce, "To su da suka ga ta ƙi tashi sau uku, me suka yi masa?" Na ce masa wannan ba a rubuce yake a jikin ƙarfe ba.

Dagaci ya naɗe allurorin biyu a takardar ya ce ranar Juma'a zai nuna wa jama'a a ƙofar masallaci, kuma duk mai son korar gidan Jatau ya fara zuwa ya kore shi. Haka aka yi, ni ma na je na maimaita abin da na faɗa. Hansatu tana ɗakinta har yau, babban ɗanta ne ke noma gonar kusa da gida.

Bayan an kai bindigar wurin hukuma an rubuta, an dawo wa iyalin da ita, sai suka sake zuwa, har da allurorin biyu. Labari ya kai Kaduna, Alhaji ya aiko cewa tayinsa na nan har da ƙari, in dai zan sake wanke ta. Ɗanlami kuma yana so in sa mata doguwar allurar ta koma aiki, ko birai a kora. Na ce ni dai hannuna ba zai ƙara taɓa baƙin nan ba, sauran magana ta mai ɗaki ce.

Hansatu ta ce, "Baba, a mayar mata da guntuwar, yadda ya bar ta."

Na mayar. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta doguwar. Ta ƙulle ta a bakin zanenta, ƙulli biyu, ta ce, "In ya dawo, shi zai sa da hannunsa."

Ga ƙusar can, ta uku daga ƙofa, wadda babu komai a jikinta. Sunan yana nan ban goge ba. Mutane sukan tambaye ni nawa farar bindigar Jatau za ta yi a yau, sai in ce ban san wata farar bindiga ba, baƙa na sani, kuma ba ta tashi. Kai mai wayar, miƙo mini tsumman can da man keke. Daga nan ake farawa.